Yadda Ake Ɗaukar Hoton Sawun Taurari da Dare a Karkara

Hoton da ake ganin taurari sun ja layuka suna kewaya wuri guda a sama, kamar zanen ƙwarya, ba dabarar kwamfuta ce ta ƙirƙiro layukan ba. Duniya ce ke juyawa, kyamara kuma na tsaye tana tara hasken. Duniya na kammala juyi ɗaya a awa 23 da minti 56, don haka kowane tauraro yana gusawa digiri 15 a awa guda, wato digiri ɗaya a duk minti huɗu. Awa biyu za su ba ka baka mai digiri 30, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na cikakken zagaye. Ƙasa da minti 45 layukan kan fito gajeru, su yi kama da hoton da hannu ya girgiza.

Kusan duk aikin yana ƙarewa ne kafin ka danna maɓallin farko. Da zarar kyamara ta fara, abin da ya rage maka shi ne ka zauna nesa da ita, ka hana kanka da kowa taɓa ta.

Zaɓen dare

Lissafin watan Musulunci ya isar maka. Daga 22 ga wata zuwa 5 ga sabon wata ne dararen aiki. A daren 22 wata ba ya fitowa sai wajen tsakar dare, kuma kullum yana ƙara jinkirin kimanin minti 50. Dararen 13 zuwa 16 ka bar su, farin wata yana wanke sararin sama har sai manyan taurari kaɗan ne za su fito. Jinjirin wata ɗan kwana uku zuwa biyar kuwa abokin aiki ne: yana yamma, idan ka fuskanci arewa zai haska maka itace ko rumbu ta gefen hagu da haske mai laushi, sannan ya faɗi ya bar maka duhu.

Duhu na gaske yana shiga ne kamar awa ɗaya da minti goma bayan faɗuwar rana, daidai shigar lokacin isha'i. Amma gara ka fara wajen ƙarfe tara, saboda a awa ɗaya ko biyu na farkon dare tauraron ɗan'adam, musamman jerin na Starlink, suna samun hasken rana a can sama, suna tsaga hoto da miƙaƙƙun layuka. A ɗaya ɓangaren, ketowar alfijir ce iyakarka.

Game da lokacin shekara, kaka ce ta fi: ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hadari ya tafi, hazo bai sauko ba tukuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi takan rufe ƙasan sama, a nan kuma tauraron arewa da muke nema yake. A hunturu ka duba da rana: idan dutsen da ke nesa ya ɓace a hazo, ko rana ta zama farin faranti tun la'asar, kada ka wahalar da kanka a daren. Hayaƙin ƙunar daji ma haka yake yi. Bazara tana da tata matsalar, zafi yana cika hoto da ɗigo-ɗigo, za a zo kan wannan.

Wuri, da maganar tauraron arewa

Cibiyar zagayen tana dab da tauraron arewa, wanda ake kira Polaris. Bai kai digiri ɗaya ba tsakaninsa da ainihin cibiyar. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya biyu: digiri 9 a Abuja, 12 a Kano, 13 a Sakkwato, kusan 14 a Damagaram, 17 a Agadas. Ka miƙa hannu sosai ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kamar digiri 10 ne. Ke nan a Kano tauraron yana sama da ƙasa da dunƙule ɗaya da ɗan ƙari.

Wannan ya sa hotonmu ya bambanta da na arewacin Turai, inda tauraron ke digiri 50 ko fiye kuma zagaye ke fitowa cikakke a tsakiyar sama. A nan ƙananan zagaye ne kaɗai ke cika, manyan kuwa ƙasa ce ke yanke su, sai su fito kamar bakan gizo a jere, wani cikin wani. A ganinmu wannan ya fi kyau, domin cibiyar tana zaune kusa da abin da ke ƙasa, ana iya ɗora ta a kan ƙoƙon rumbu ko tsakanin rassan kuka. Amma yana zuwa da sharuɗɗa biyu.

Na farko, arewa ta zama babu gari. Hasken birni yana taruwa ne a ƙasan sama, ana hango na babban birni daga kilomita 50 ko fiye. Saboda haka ka kasance a arewacin birni, ka ba shi baya. Wanda ya je kudancin Kano ya fuskanci arewa, hasken Kano ne zai zauna masa a kan cibiyar. Taswirar gurɓatar haske da ke intanet za ta nuna maka inda duhu yake, an kuma saba auna shi da ma'aunin Bortle, daga 1 mafi duhu zuwa 9 tsakiyar birni. Daga 4 zuwa ƙasa ya wadatar.

Na biyu, nisa tsakaninka da abin da za ka sa a gaba. Don tauraron ya leƙo ta saman abu a digiri 12, sai ka ja baya kamar ninki biyar na tsayin abin. Rumbu mai mita 3, ka ja mita 15. Kuka mai mita 15, sai mita 75, kuma a wannan nisa za ta ƙanƙance a hoto, don haka da babbar itaciya ya fi sauƙi ka ajiye cibiyar a gefenta ko a cikin wata kafa tsakanin rassa. Kuka ta fi yawancin itatuwa dacewa saboda da rani ta zubar da ganye, rassanta masu kauri ba sa kaɗawa. Giginya da darbejiya iska na wasa da ganyensu, bayan awa biyu gefensu zai fito a dame. Dutse, rumbu, bukka da tsohuwar ganuwa ba su da wannan matsala.

Nemo tauraron da kansa: ba shi ne mafi haske a sama ba, matsakaici ne, kuma hazo na ƙara dusashe shi. Daga Oktoba zuwa Janairu, da farkon dare, ka nemi taurari biyar masu siffar harafin M a arewa can sama, su ne Cassiopeia. Ka sauko dunƙule uku daga ƙarƙashinsu. Daga Maris zuwa Yuni kuwa ka nemi bakwai masu siffar ludayi, ka ɗauki biyun da ke bakin ludayin, ka ja layi ta ɓangaren da ludayin ke buɗe, ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu. Manhajar Stellarium a waya tana yanke duk wannan wahala, kamfas ɗin waya ma ya isa a fara da shi.

Ba dole ba ne a fuskanci arewa. Gabas da yamma suna ba da layuka kusan a tsaye, masu ɗan karkata, kamar saukar ruwan sama, domin a Kano taurari na ɓullowa ne a kusurwar digiri 78. A Nuwamba, da farkon dare, Kaza da 'Ya'yanta suna gabas, layukansu na fitowa a cure kamar tsintsiya. Kudu tana ba da manyan bakuna masu faɗi, cibiyarsu na ƙarƙashin ƙasa.

Ka je wurin da rana, ka zaɓi inda za ka kafa, ka sa alama da duwatsu. Ka gai da mai unguwa ko dagaci, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, a sanar da 'yan sintiri da mai gonar. Baƙon da ya kafa ƙarfe mai ƙafa uku a bayan gari da tsakar dare, ba wanda zai ɗauka taurari yake kallo. Inda ake fama da matsalar tsaro, babu hoton da ya kai a je. Ka tafi da ɗan gari, ka sa takalmi mai rufe idon sawu, saboda kububuwa da kunama da dare suke yawo, kuma gindin kuka da tsibin duwatsu gidajensu ne.

Kayan aiki

Kyamarar da ake iya sarrafa komai nata da hannu, mai harafin M a kan abin juyawa. Lens mai faɗi: milimita 14 zuwa 24 a kyamara mai babbar sensa (farantin da ke karɓar haske a cikinta), 10 zuwa 18 a mai ƙarama. Lens ɗin nan na 18 zuwa 55 da ke zuwa tare da kyamara yana yi, a bar shi a 18. Sai ƙafa-uku mai nauyi, rimot mai waya wanda maɓallinsa ke kullewa ko mai ƙidayar lokaci, memori mai sarari, batir biyu cike, salatif, da tocila. Ka lulluɓe bakin tocilar da jar leda, jan haske ba ya kashe wa ido sabon da ya yi da duhu, sabon da ke ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya samu.

Lissafin memori: hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, na kyamara mai megafiksel 24 yana cin megabait 25 zuwa 30. Awa biyu hoto kimanin 220 ne, gigabait 6 zuwa 7. Batir kuwa shi ne ya fi yawan kashe aiki, domin canza shi a tsakiya yana barin giɓi, kuma da wuya kyamara ba ta gusa ba. Idan kyamararka na karɓar wuta ta USB tana aiki, ka haɗa ta da fawa banki tun farko, ka ɗaure shi a ƙafa da salatif.

Saiti, ɗaya bayan ɗaya

Ka kafa ƙafa-uku, ka danna ƙafafun cikin ƙasa har su daina nutsewa. A yashi ka sa fale-falen duwatsu a ƙarƙashi, in ba haka ba ƙafa ɗaya za ta riƙa sauka a hankali, layukan su fito da ƙugiya. Kada ka ɗaga sandar tsakiya. Ka rataya jaka mai duwatsu a ƙasa yadda za ta ɗan taɓa ƙasa, don idan tana lilo ita ce za ta girgiza kyamarar. Ka naɗe igiyar wuyan kyamara.

Ana iya buɗe ƙyauren kyamara sau ɗaya na minti 30 ko awa guda, yadda ake yi a zamanin fim. A kyamarar yanzu wannan hanya ba ta da riba: sensa tana zafi, sama tana yin fari, kuma babur ɗaya ya wuce da fitila ya gama da komai. Hanyar da ta fi ita ce ɗaukar gajerun hotuna masu yawa a jere, a haɗa su daga baya.

Ka juya zuwa M. Lokacin buɗe ƙyaure sakan 30. Ƙofar haske f/2.8 zuwa f/4, idan f/3.5 ce iyakar lens ɗinka ka bar shi a nan. ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, 800 a wuri mai duhu sosai, 400 idan akwai jinjirin wata ko hasken gari. Mutane kan kai shi 3200 don taurari su yawaita, sai su guje wa gara su faɗa wa zago: layuka su cushe har babu sarari tsakaninsu, kuma launi ya ƙone duk su zama farare. Taurari suna da launi. Betelgeuse ja-ja ne, Rigel shuɗi-shuɗi, kuma ƙaramin ISO ne ke riƙe wannan bambanci. Daidaiton launi ka sa shi da hannu, wajen kelbin 4000. Idan ka bar wa kyamara, launin sama zai riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto. Ka zaɓi RAW.

Abubuwa huɗu za ka kashe. Mafi muhimmanci shi ne tsarin rage ɗigo-ɗigo na dogon ɗauka. Idan yana kunne, bayan kowane sakan 30 kyamara za ta ƙara wasu 30 tana ɗaukar baƙin hoto, layukanka su fito a tsittsinke, rabi akwai rabi babu. Sai tsarin hana girgiza na lens ko na kyamara, wanda a kan ƙafa-uku shi da kansa yake kawo motsi. Sai nuna hoto a allo bayan kowace ɗauka, da kuma kashe kai da kyamara ke yi idan an daɗe ba a taɓa ta ba.

Fokas, wato daidaita lens har hoto ya fito tas, shi ne inda aka fi yin asara. Kyamara ba ta iya nemo shi da kanta a duhu. Ka mai da lens zuwa MF, wato fokas da hannu, ka kunna allo, ka nufi tauraro mafi haske, ka ƙara girmansa sau goma, ka juya zoben a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Idan ya fara kumbura ka wuce, ka dawo. Kada ka dogara da alamar da ke ƙarshen zoben, lens da yawa suna zarce wurin. Da ka samu, ka manne zoben fokas da na zum da salatif. A milimita 18 da f/3.5 a ƙaramar sensa, duk abin da ya wuce mita 5 zai fito tas tare da taurari, don haka ka ba abin gabanka mita 8 ko fiye don ka samu kwanciyar hankali.

Don gwajin tsari ba sai ka jira sakan 30 kowane lokaci ba. ISO 6400 a sakan 4 daidai yake da ISO 800 a sakan 32. Ka yi ta gwadawa da wannan har ƙasa ta miƙe, cibiya ta zauna inda kake so, sannan ka koma 800 da 30. Kada ka manta komawar, da yawa sun manta. Ka yi gwaji na ƙarshe, ka ƙara girman hoton ka duba fokas. Allo a cikin duhu yana ruɗi, hoto mai duhu sai ya zama kamar ya yi daidai, don haka ka rage hasken allon ka duba jadawalin haske, zanen tudun da kyamara ke nuna yawan duhu da hasken hoto da shi: tudun ya rabu da bangon hagu, ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin.

Kafin ka fara jerin, ka ɗauki hoton ƙasa na musamman: a koma B, harafin da ke barin ƙyaure a buɗe muddin maɓallin rimot na kulle, ISO 400, minti uku zuwa huɗu. Ko kuma a sakan 30 ɗin, ka tsaya can gefe, ba bayan kyamara ba, ka shafa wa rumbun hasken tocila na sakan uku zuwa biyar. Hasken gefe yana fito da kaushin laka da ɓawon itace, na gaba yana baje su. Ka yi sau uku ko huɗu da ƙarfi daban-daban.

Giɓi tsakanin hotuna

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa kyamara a ɗaukar jere, ka danna maɓallin rimot ka kulle. Tana gama ɗaya za ta shiga na gaba. Wasu tsofaffin kyamarorin Nikon kan tsaya a hoto na 100, don haka kafin minti 50 su cika ka saki maɓallin ka sake kullewa nan take.

Mai amfani da ƙidayar lokaci ya kula da abu biyu. A kyamarori da yawa abin da aka rubuta 30 a gaskiya sakan 32 ne. Idan ka sa tazara 31, umarni zai zo ƙyaure na buɗe, kyamara ta tsallake shi, ka rasa rabin hotunanka. Ka sa 33. Na biyu, wasu rimot suna ƙirga tazara daga farkon hoto zuwa farkon na gaba, wasu daga ƙarshensa. A nau'i na biyu sakan 1 ake sawa. Ka gwada wannan a ɗaki da agogo tun kafin ranar. A milimita 18, tauraro na ƙetare fiksel ɗaya a kamar sakan uku, shi ya sa giɓin sakan ɗaya ba ya damun kowa, na biyar kuwa yana bayyana ƙarara.

Daga nan sai jira. Ka koma bayan kyamara mita goma, tocila a kashe, waya a aljihu. Abin dubawa ɗaya ne, raɓa. A kaka, musamman kusa da fadama, takan sauka a kan gilashi bayan tsakar dare, taurari su yi ta dusashewa har su ɓace. Hular lens tana jinkirta ta, ɗamarar ɗumama lens mai aiki da USB tana hana ta. Goge gilashi a tsakiyar aiki aikin baban giwa ne, minti kaɗan za ta dawo, ga kuma haɗarin gusar da fokas. A hunturu raɓa ba ta cika damu ba, ƙura ce, don haka kada ka cire lens a fili.

Da ka gama, kafin ka kashe kyamara ko ka canza komai, ka rufe lens da marfinsa ka ɗauki baƙaƙen hotuna biyar zuwa goma da saitin nan dai. Suna kama jajaye da shuɗɗan ɗigon da zafin sensa ke haifarwa, manhaja ta cire su daga baya. Dole a ɗauke su nan take, sensa na da zafin da ta yi aiki da shi. A daren Afrilu ko Mayu kada ka tsallake wannan ko kusa.

Haɗawa a kwamfuta

Ka buɗe hotunan a Lightroom, ko darktable ko RawTherapee, waɗannan biyun kyauta ne. Ka gyara ɗaya daga tsakiya, ka kwafa gyaran a kan sauran duka har da baƙaƙen. Kada ka kunna gyaran lanƙwasar lens a yanzu, domin idan aka tara hotuna ɗaruruwa yakan bar wani zane kamar saƙar taburma a sama. A yi shi a ƙarshe. Ka fitar da su a TIFF ko JPEG mafi inganci, da lambobinsu a jere.

Ka bi su ɗaya-ɗaya da sauri. Inda jirgin sama ko tauraron ɗan'adam ya ja layi, ka shafe layin da baƙin fenti a wannan hoton kaɗai. Dabarar tana aiki saboda manhaja na zaɓar wurin da ya fi haske ne daga kowane hoto, baƙi kuwa ba ya taɓa cin zaɓe. Haka za ka yi da hoton da fitilar babur ta haske ƙasa: ka baƙanta ƙasan, ka bar saman. Idan ka jefar da hoton gaba ɗaya, kowane layi zai samu giɓi a wuri guda.

StarStaX kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac, amma ba ta karanta RAW. Ka zuba hotunan, ka zuba baƙaƙen a nasu gurbin, ka zaɓi tsarin cike giɓi, ka danna farawa. Tana da wani tsari da ke sa wutsiyar kowane layi ta dusashe kamar tauraro mai wutsiya, yana rage cunkoso idan taurari sun yi yawa. A Photoshop kuwa, ka ɗora hotunan a kan juna ka mai da yanayin haɗinsu zuwa Lighten, GIMP ma tana da irinsa, sai dai hoto 200 yana durƙusar da ƙaramar kwamfuta, gara a haɗa su hamsin-hamsin sannan a haɗa sakamakon.

Za ka tarar ƙasan hoton da aka haɗa ya fi na kowane hoto ɗaya ɗigo-ɗigo, saboda an tattaro mafi hasken dattin kowanne. Nan ne hoton ƙasa na musamman ke shigowa: ka ɗora shi a sama, ka goge samansa, ka bi gefen rumbu da rassan itace da ƙaramin buroshi.

Wanda ba shi da babbar kyamara, wasu na'urori suna yin haɗin da kansu. Kyamarorin Olympus da OM System suna nuna layukan suna tsawo a allo yayin ɗauka, GoPro daga Hero 11 tana da tsarin sawun taurari, haka wayoyin Samsung daga Galaxy S23 a ɓangaren bidiyon gaggawa. Sauran wayoyin da ke barin a buɗe sakan 30 da hannu suna buƙatar manhajar da za ta riƙa danna maɓalli a jere. Ka cire wa wayar riga don ta sha iska, ka sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗaukar, ka haɗa ta da fawa banki, ka kuma fara ƙidayar da jinkirin sakan goma don girgizar yatsanka ta lafa kafin hoton farko.